Gidan haya da sunan maigida kaɗai

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Gwal ɗina na sayar, na haɗa da kason gadona, maigida ya kawo nasa, muka sayi fuloti a Rijiyar Zaki muka gina ciki da falo guda huɗu na haya. Takardar cinikin da aka rubuta gaban mai unguwa sunansa kaɗai ke kai. Kuɗin haya ya fara shigowa, na tambayi kasona, wai ai taimaka masa na yi. Mata ku ji: haɗa jari da miji ba sunanki a takarda, ƙarshensa yaudara.

Baban Yara: Hajiya, ki janye kalmar nan. Mutumin da ke ciyar da ke, ya tufatar da ke, shi ne mayaudari?

Uwargida: Ci da sha wajibinsa ne tun ranar ɗaurin aure. Ba bashi ba ne da zai fanshe daga gwal ɗinta. In ba yaudara ba, me sunanta?

Baban Yara: Saɓani sunanta. Kuma ɓangare ɗaya muka ji.

Malamin Islamiyya: Allah ya huci zuciyarki, 'yar uwa. Ba a kiran abu yaudara sai an tabbatar tun farko niyyarsa ke nan, ita kuwa niyya Allah kaɗai ya san ta. Amma dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Ku duba Suratul Baƙara aya ta 282, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutuwa. In ya rasu yau, magada za su ɗauki gidan duka a matsayin nasa, ita kuma tumunin takaba kawai za ta samu, kashi 1 cikin 8 tunda akwai 'ya'ya. In akwai abokiyar zama, su raba tumunin.

Uwargida: Malam, da ka ce sai an san niyya, to wace mace ce za ta taɓa cin shari'a? Kullum haka ake yi mana.

Amarya: Ni nawa mijin bai taɓa cin sisina ba. Ku daina yi wa maza kuɗin goro.

Uwargida: Ki bari ki shekara goma tukuna, ƙanwata.

Amarya: Dama ku uwayen gida baƙin cikinmu kuke yi.

Dillali: Ku tsaya. Filin awon igiya ne ko na gwamnati? Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, mai ƙarfin hujja shi ne mai takardar shaidar mallaka. Takardar ciniki kuwa ana rubuta sunan mutum biyu da kason kowa, ni kaina na sha zama shaida.

Baban Yara: Kai dai la'adarka ce damuwarka. Ku karɓa wajen mai saye, ku karɓa wajen mai sayarwa, fili ɗaya ku sayar wa mutum biyu. Yaudarar gaske a wajenku take.

Dillali: Alhaji, ka kawo wanda na cuta. Gumina nake ci.

Maman Biyu: Don Allah ni shawara nake nema. In kira iyaye ne ko in tafi kotu?

Amarya: Kotu da uban 'ya'yanki? Haba Anti!

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kalmar yaudara ta yi tsauri, kuma Malam ma ya tabbatar da hakan. Hajiya ta yi haƙuri, ta nemi afuwar maigidanta, tunda gidan na 'ya'yanta ne ko ba jima ko ba daɗe. Uwargida da Amarya, na goge saƙonninku biyu na ƙarshe. Na rufe wannan magana zuwa bayan Isha'i.