Ƙauri na tashi daga wajen sitiyarin motata, don Allah masana ku taimaka

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata 'yar Beljiyom ce ta 2005, kwana huɗu kenan duk sanda na shiga goslo ko na zo yin fakin sai in ji wani ƙauri kamar an manta mai a kasko, kuma in na murɗa sitiyari har ƙarshe sai ta riƙa kuka wuuu kamar injin markaɗe. Jiya da na sauke yara a islamiyya har hayaƙi siriri na gani yana fitowa ta gefen bonet, wallahi gabana ya faɗi. Na je wani gareji yaron ya ƙara min man sitiyari ya ce shikenan, yau da safe na duba ya sake sauka ƙasa da layi. Famfon sitiyarin ne ya mutu ko me? Don an fara ce min sai na sayi sabo.

Usta Mai Sifana:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi famfo tukuna. Man sitiyari ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa, zagayawa kawai yake daga 'yar robar da ake zuba shi zuwa famfo zuwa rak, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, ya dawo, to in ya sauka a kwana ɗaya yoyo yake, ƙara mai kuma zuba ruwa ne a kwando. Hayaƙin nan da ka gani ina kyautata zaton tiyon da ke ɗaukar man daga famfo ne ya tsufa yake tsatsafowa, a motoci da yawa ta kusa da bakin salansa yake bi, ɗigo ɗaya ya faɗa kan ƙarfen nan mai zafi sai ƙauri ya cika mota, kuma man nan yana kamawa da wuta fa, ni na taɓa ganin wadda bonet ɗinta ya kama a bakin titi muna ta watsa ƙasa.

Ka bar inji ya huce, a wanke wajen ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙasa, wani ya tada mota yana murɗa sitiyari kai kuma kana haska tocila, ka bi tiyon tun daga famfo musamman inda roba ta haɗu da ƙarfe, nan ya fi tsagewa. Kar ka sa hannu kusa da bel inji na aiki. Shi wannan tiyon ba a ɗaure shi da kilif ko igiyar roba, matsin man da ke ciki ya fi ƙarfin haka, canzawa ake. Kukan kuma famfo ne ke jan iska saboda mai ya yi ƙasa, buɗe murfin robar man ka leƙa in ka ga kumfa to shi ne.

Sani Direba:
Gaskiya Usta ya faɗa, amma Baban Ilham ka shinshina da kyau, ƙaurin mai daban na roba daban. In kamar taya ake ƙonawa ne kuma kana jin ƙiiii da safe to bel ne ke zamewa, wani lokacin man da ke yoyon ne ke jiƙa shi. Ka duba in ya yi sheƙi ko ya tsattsage a canza, don a wasu motocin bel ɗaya ne ke juya famfon sitiyari da caji har da famfon ruwa, ya tsinke a hanya ka shiga uku. Sannan mu daina danne sitiyari a ƙarshe muna riƙewa wajen ribas, daƙiƙa kaɗan ka ɗan sassauta, dannewar nan ke dafa man.

Maman Walid:
Ni tambayata wane mai yaron ya zuba maka? Don ni an taɓa zuba min man birki wai duk ɗaya ne, sati bai yi ba robobin ciki suka kumbura sai da aka sauke rak gaba ɗaya, kuɗin da na kashe har yanzu yana min ciwo. Ka karanta abin da aka rubuta a murfin. Tsofaffin Toyota man giyar mota ake zuba musu a sitiyari wato ATF Dexron jan nan, Honda kuma nata man daban ne ba a zuba mata ATF. In man ya koma baƙi yana ƙauri a zuƙe shi duka a zuba sabo. Masu sababbin motoci kuma kamar Corolla daga 2009 sitiyarin na lantarki ne babu mai sam, in an ji ƙaurin waya mai wayarin za a nema ya duba fiyus da wayoyi.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Usta kamar kana wajen, tiyon ne, daidai inda ya haɗu da ƙarfe yana fesawa siriri kamar allura duk sanda aka murɗa, salansar ta wajen har ta yi baƙi. Na samo wani a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano an ɗaura, bel ɗin ma ya jiƙe an canza, an zuƙe tsohon man. Ƙaurin ya tafi amma kukan bai gama ɗaukewa ba, ko famfon ya riga ya ci wuya ne?

Usta Mai Sifana:
Iska ce ta rage Alhaji. A ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe kamar sau ashirin ana cika man har kumfar ta ƙare, sannan a tada. Sauran ƙaurin da ka iya ji man da ya maƙale a salansa ne zai ƙone ya wuce. In bayan kwana biyu kukan na nan a duba 'yar robar nan mai kamar zobe da ke bakin famfo inda mai ke shiga, ita ma tana jan iska in ta bushe, sai in an canza ta bai daina ba sannan mu yi maganar famfo.