Ayabar kanti da kalmar da ta tayar da ƙura a zauren unguwa

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Ranar Talata na shiga wani kantin zamani a nan cikin Katsina na sayo ayaba nono biyu, an naɗe ta da leda, bawonta sumul ba tabo ko ɗaya. Safiyar Alhamis na buɗe zan ba yara, bawo ya yi baƙi ƙirin, ciki ya narke, 'yan ƙananan ƙudaje sun yanyame ledar. Wadda muka ci ranar farko ma ba zaƙi, tsakiyarta da tauri kamar ɗanyen dankali. Ni da na guji ta 'yan bakin titi saboda ƙazanta, ga abin da na samu.

Mai Lemo: Hajiya, ƙazanta kika ce? Shekara 19 ina kasa kaya a tebur wajen Ƙofar Ƙaura, da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Ranar da kika ga ƙazanta a teburina ki faɗa a nan gaban kowa.

Maman Biyu: Ni ban kira sunanka ba, Malam.

Mai Lemo: Kin kira sana'ata. Kuma ki sani, ayabar kantin da tamu hanyarsu ɗaya. Daga kudu ake lodo ta ɗanya, a sauke a 'Yan Lemo ta Kano, mu sara mu kawo. Leda da sanyin esi ne kawai suka raba mu.

Uwargida: Amma tsakani da Allah, ƙurar hanya da ƙuda fa? Na ga wani yana yayyafa wa kayansa ruwa daga wani tsohon gwangwani. In ba ƙazanta ba mene ne sunan wannan?

Mai Lemo: Da bawon kike ci, Uwargida?

Malamin Gona: Ku ɗan saurara. Ayaba ba ta son sanyi. In ta daɗe a wurin da ya yi ƙasa da digiri 13, bawonta kan dafe ya yi duhu, ɗanɗanonta ya tafi. Sannan tana fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke nunar da ita, ledar kuma sai ta tare iskar a ciki. Kin fito da ita daga sanyi zuwa zafin Katsina, a ƙunshe. Hajiya, ko kin sa ta a firji?

Uwargida: Malam, bar wannan. A yi maganar kabayid ɗin da ake nunar da ita da shi, wanda masu walda ke aiki da shi. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha gargaɗi a kai. Wannan ai ya fi ƙazanta, guba ce.

Mai Lemo: Wa kika gani da idonki?

Uwargida: An turo mini bidiyo, ga shi na sa a nan.

Mai Lemo: Na wane gari? Wace kasuwa? Mu rufe ta muke da buhu a ɗaki ta nuna da kanta.

Ɗan Daura: Gaskiya ɗaya ce, ku mutanen birni kun cika son burga. A tura keken kanti a sha esi a ɗauki hoto, shi ya sa ake tsuga muku kuɗi. Mu a Daura mai baro ya kawo, ka ɓare ɗaya ka ɗanɗana kafin ka biya.

Na Ƙofar Soro: Ƙanena, ka iya bakinka. In za ku yi sayayyar biki ina kuke zuwa in ba Katsina ba?

Ɗan Daura: Kano muke zuwa, Yaya. Kuma Daura ta girmi Katsina, a tambayi tarihi.

Na Ƙofar Soro: Mi ya kawo tarihi cikin zancen ayaba? Kullum sai ka jawo mana rijiyar Kusugu.

Maman Biyu: Ni dai kuɗina ne suka tafi, yara ba su ci ba, kuma ba wanda ya ce mini sannu.

Mai Lemo: Ki janye kalmar tukuna.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na bi maganganun duka, ga abin da na fahimta. Hajiya ta yi asara, Allah Ya mayar da alheri, amma kalmar da ta faɗa ta yi nauyi, don masu tebur iyayenmu ne da 'yan uwanmu. Ni kaina da kuɗin tebur mahaifina ya kai ni makaranta, kuma ban taɓa ganin ƙazanta a kayansa ba. Zancen kabayid ba a kawo shaida ba, don haka na goge bidiyon. Abin da ya tabbata shi ne ayabar kanti ce ta ruɓe, ta tebur ba wanda ya kawo ƙararta. Hajiya, ki ba Mai Lemo haƙuri a nan inda kika faɗi maganar. Na rufe zauren sai bayan sallar asuba.