Wai haƙarƙarin namiji bai kai na mace ba?

Ɗan Agege: Jama'a ku raba mu gardama. Abokina ya rantse wai haƙarƙarin namiji ya gaza na mace da ɗaya a hagu, tunda daga nan aka halicci Nana Hauwa'u. Ni ban yarda ba.

Baba Mai Goro: Yaro, abokinka ya fi ka gaskiya. Tun muna makarantar allo muke jin haka.

Ɗalibar Likitanci: Baba, a gafarce ni, ba haka ba ne. Mace da namiji duk 24 ne, 12 a dama 12 a hagu. Bakwai na sama sun kama ƙashin tsakiyar ƙirji ta guringuntsi, uku na bin su sun rataya a jikin na samansu, biyun ƙarshe kuwa ta gaba ba su kama komai ba. Wani likita Bature, Andreas Vesalius, ya rubuta haka tun 1543.

Baba Mai Goro: Wato Bature ne zai ƙaryata hadisi?

Malamin Islamiyya: A'a Alhaji, a yi hattara. Hadisin cewa ya yi an halicci mace daga ƙashin haƙarƙari. Bai ce maza za su gaji giɓi ba. Wanda injin niƙa ya cire wa yatsa ai ɗansa da yatsu cikakku yake zuwa.

Mahauci: Ni a mayankar Oko-Oba nake fiɗa. Sa da saniya 13 ne kowane gefe, rago da tunkiya ma haka.

Baba Mai Goro: Dabba daban, mutum daban.

Ɗalibar Likitanci: Abin da akan samu shi ne ƙari. Wasu ana haihuwarsu da ɗan haƙarƙari a gindin wuya, saman na farko, kuma an fi ganin sa a mata. Jijiyoyin hannu da hanyoyin jini ta nan suke bi, tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin da ya kwanta daga ƙirji zuwa kafaɗa. In ƙarin ya matse su, sai kafaɗa ta riƙa ciwo, ɗan ƙaramin yatsa yana mutuwa, musamman in an ɗaga hannu sama.

Baba Mai Goro: To ga shi nan! Da bakinki kika ce mata sun fi.

Ɗalibar Likitanci: Kai Baba! Mutane ƙalilan ne, kuma har da maza a ciki.

Ɗan Dako: Anti likita, ni in na ɗauki buhun albasa a kasuwar Mile 12 yatsuna mutuwa suke. Shi ne?

Ɗalibar Likitanci: Nauyin kaɗai ma yana iya danne jijiyoyin. In abin ya ƙi tafiya, je asibiti a yi maka hoton wuya da ƙirji.

Baba Mai Goro: In an yi, turo mana hoton nan mu ƙirga da kanmu.