Muhawara: Zanen zambo ne ya share fagen tsare 'yan asalin Japan a Amurka?

Malamin Tarihi: Ranar 13 ga Fabrairu, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu tsakanin Amurka da Japan, jaridar PM ta New York ta buga zanen Theodor Geisel, mai yi mata zanen zambo, wanda ya nuna Amurkawa 'yan asalin Japan sun yi dogon layi a gaɓar yamma suna karɓar nakiya. Bayan kwana shida Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe kimanin mutum 120,000 zuwa sansanoni, alhali kashi biyu bisa ukunsu 'yan ƙasa ne. A ganina, irin wannan zane ne ya share fagen zaluncin.

'Yar Jarida: Allah gafarta Malam, kusancin ranakun bai isa hujja ba. Janar DeWitt, kwamandan sojan yammacin Amurka, da 'yan siyasar Kalifoniya sun matsa lamba tun kafin zanen ya fito, kuma ba a Kalifoniya yawancin masu karanta PM suke ba. Da zane yana juya akalar gwamnati, da an gani a 1933, lokacin da David Low, mai zanen zambo a Birtaniya, ya zana sojan Japan yana tattaka Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai kan batun Manchuriya, yankin Sin da Japan ta mamaye. Me ya biyo baya? Amurka ta ci gaba da sayar wa Japan tsofaffin ƙarafa har 1940, man fetur kuwa sai a 1941 aka tsayar da shi, kusan shekara huɗu bayan kisan kiyashin da sojojin Japan suka yi a birnin Nanjin na ƙasar Sin.

Ɗalibi: Malama, ai Geisel ɗin ne ya riƙa caccakar shahararren matuƙin jirgin sama Lindbergh da sauran masu cewa Amurka ta nesanci yaƙin, ya kuma soki wariyar da ake nuna wa baƙaƙe da Yahudawa.

Malamin Tarihi: Ɗana, abin da ya ƙara wa laifinsa nauyi ke nan. Malama, na yarda cewa ba zanen ne ya rubuta umarnin ba, amma ki duba yadda yake zana Hitler a matsayin mutum guda mai kamanninsa, Japanawa kuwa a wancan zanen duk fuska ɗaya ya ba su. Idan mai sukar wariya da kansa ya zana su haka, wa ya rage ya ɗaga murya?

'Yar Jarida: To, Malam, ka sauka daga share fage zuwa rufe bakin masu adawa, kuma wannan na karɓa. Amma da gwamnati ta nemi afuwa a 1988, ta biya duk wanda ya rage da rai dala 20,000, dokar neman afuwar ta ɗora laifin ne a kan wariyar launin fata da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni.

Malamin Tarihi: Ruɗanin kuwa, Malama, a shafukan jarida aka hura shi.