Mangwaron gidana yana baƙi yana ruɓewa kafin a sha: mene ne magani?

Mai Lambu, Tudun Wada Zariya:

Assalamu alaikum. Ina da bishiyar mangwaro guda a tsakar gida, binta siga ce, ta girma har ta rufe rabin gidan da inuwa. Cikin hunturu takan yi huda mai yawa, amma sai wani farin abu kamar gari ya lulluɓe hudar, ta bushe ta kakkaɓe, kaɗan ne kawai ke zama 'ya'ya. Waɗanda suka tsira kuma, da zarar ruwan farko ya sauka, sai in tsinko su lafiya lau, in ajiye su a ɗaki domin su nuna, kafin su nuna baƙaƙen tabo sun fito a jikinsu, tabon ya lotsa ciki ya ruɓar da tsokar. Ganyayen ma suna da ɗigo-ɗigon baƙi. Wani mai sayar da maganin gona ya ba ni maganin ƙwari na fesa, ban ga canji ba. Ina neman shawarar masana, shin cuta ɗaya ce ko biyu, kuma me ya kamata in yi?

Malamin Gona Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Malam, bisa bayaninka cututtuka biyu ne suka haɗu a bishiyar, dukkansu na fumfuna ne, shi ya sa maganin ƙwari bai yi maka aiki ba. Farin garin da ke kan huda cuta ce ta lokacin sanyi, ba ta bukatar ruwan sama, raɓar asuba da sanyin dare sun ishe ta. Maganinta farar wuta ce wadda ake damawa da ruwa a fesa, tun huda na tsirowa kafin ta buɗe, a maimaita bayan mako biyu. A yi feshin da sassafe ko da yamma, domin farar wuta tana ƙona ganye da fure idan rana ta take.

Ta biyun ita ce babbar matsalarka, wadda masana ke kira antaraknos, ƙwayar da ke haddasa ta kuma Colletotrichum. Abin da ke ruɗin mutane game da ita shi ne, tana shiga ɓawon mangwaro tun yana ɗanye a kan reshe, ta yi lamo ba tare da wata alama ba, sai ya fara nuna, garkuwarsa ta ragu, sannan ta farka ta ci tsokar. Saboda haka ruɓewar da kake gani a ɗaki a kan bishiya aka kamu da ita, makonni kafin ka tsinka. Ƙwayoyinta suna zaune a busassun rassa, da tsofaffin karan huda da ba su faɗo ba, da mangwaron bara da ya ƙandare a sama, sai ɗigon ruwan sama ya wanko su ya fantsama a kan sabbin 'ya'ya. Idan ka lura da kyau za ka ga wani lokaci baƙin yana gangarowa daga wuyan mangwaron a layi, yana bin hanyar da ruwan ya bi.

Ni shawarata, ka fara da almakashi da zarto kafin ka sake kashe kuɗi a kan magani. Bishiyar da ta rufe rabin gida, famfon feshi na goyo ba zai kai ko kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ba. Bayan an gama tsinkar bana, a sare matattun rassa da waɗanda suka sarƙe a tsakiya, a rage mata tsawo a hankali cikin shekara biyu ko uku, domin iska da rana su ratsa ta, ganye ya riƙa bushewa da wuri bayan ruwa. Abin da aka sare, da ganyen da ya zuba, da ruɓaɓɓun 'ya'yan da ke ƙasa, a ƙone su ko a binne su da zurfi. Daga nan ne feshi zai yi amfani: maganin fumfuna mai suna mankozeb a lokacin fure, maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe kuma bayan 'ya'ya sun ɗauru, musamman gab da saukar ruwa. Kada a fesa na jan ƙarfe a kan buɗaɗɗen fure. Waɗannan magunguna kariya suke bayarwa, ba su warkar da mangwaron da cutar ta riga ta shige shi.

Hajiya Mai Lemo:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya gamsar, sai dai ina so mai tambaya ya tabbatar da baƙin da ke kan ganye kafin ya sayi komai. Akwai wani baƙi mai kama da kunkunniya da ke rufe ganyen mangwaro da na lemo, wanda ke tsirowa a kan darɓar da ƙananan fararen ƙwari masu tsotsar ruwan ganye suke zubarwa. Malam, ka jiƙa yatsa ka murza ganyen. Idan baƙin ya goge, ganye ya fito kore, kuma ka ga kiyashi suna hawa da sauka a jikin bishiyar, to ƙwarin ne tushen matsalar, su za ka yaƙa. Idan kuwa tabon yana cikin naman ganyen, ya ƙi goguwa, wani ma ya huje, to maganar Malamin Gona ce.

Sannan tsakar gida ba gona ba ce. Ranar feshi a rufe rijiya da randuna, a kwashe shanya, a kawar da yara da kaji da awaki, mai feshin kuma ya rufe hanci da hannu. A karanta takardar maganin a kiyaye adadin kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka.

Ɗan Kasuwar Gwari:

Ni ta ɓangaren tsinka zan ƙara. Yawancin asarar da muke gani a kasuwa daga jifa da girgiza take farawa, domin mangwaron da ya daki ƙasa ya riga ya buɗe wa ruɓa ƙofa. A tsinke shi da gora mai jaka a baki, a bar masa ɗan kara, kuma kada a tsinka yana jiƙe da ruwa. Masu fitar da mangwaro ƙasashen waje suna tsoma shi cikin ruwan zafi mai kimanin digiri 52 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 5, a cikin yinin da aka tsinke shi, wannan yana rage tabon sosai. Ana iya yin haka a gida da babban baho, amma sai da ma'aunin zafi, domin ruwan da ya zarce digiri 55 zai ƙona ɓawon. A shanya shi a inuwa ya bushe, a jera shi ɗaiɗai, kada a tara a buhu.

Mai Lambu, Tudun Wada Zariya:

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na murza ganyen kamar yadda kika ce, baƙin bai goge ba, kuma na hango busassun mangwaro da yawa rataye a can sama. Zan kai ganye da 'ya'ya kaɗan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru su duba, tunda kusa take. Malam, saura tambaya guda: manyan rassan da za a sare, shin sai an shafa wani abu a wurin saran, ko a bar shi ya warke da kansa?