Neman shawara kan kuɗin naƙasar mahaifina, tsohon soja

Assalamu alaikum. Ina roƙon tsofaffin sojoji da masana doka su taimaka mini a kan al'amarin da ya cije mana.

Mahaifina yana cikin dakarun ECOMOG (rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma) da suka shiga Laberiya a 1990, a ɓangaren manyan bindigogi, kuma tun daga lokacin jinsa yake raguwa. Yanzu kunnen hagu ya toshe gaba ɗaya, ko kiran salla daga masallacin ƙofar gidanmu ba ya ji sai mun taɓa kafaɗarsa. Da muka nemi kuɗin naƙasa, sai aka maido mana da takardunmu, aka ce likitocin da suka duba shi lokacin sallama ba su rubuta ciwon kunne ba, don haka babu shaidar cewa aikin soja ne sanadi.

Muna da sakamakon gwajin ji daga asibitin gwamnati, kuma abokan aikinsa biyu sun amince su yi rantsuwa a kotu. Shin waɗannan sun isa mu nemi a sake duba hukuncin, ko kuwa dole sai likitocin soja sun sake gwada shi? Kuma wa ya kamata mu fara rubuta wa?