Ƙanena ya gama karatun haɗa magunguna yana zaune a gida, asibitin garinmu kuma babu famasis

Malama Uwani:

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani gari mai tafiyar awa biyu da rabi daga Kano. Tambaya ce ta kawo ni, don na lura akwai ma'aikatan lafiya a zauren nan.

Autanmu haɗa magunguna ya karanta a jami'a. Tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ni da yayanmu muka riƙe karatunsa, shi da kuɗin noman rani, ni da adashin da nake zubi duk ƙarshen wata. Karatun shekara 5 sai da ya kusa cinye 7, ga korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, ga na 2022 da ya ɗauki wata 8 cur. Duk muka daure. Ranar da aka rantsar da su, Inna ta riƙe farar rigarsa tana ta hawaye.

Yau wata 14 ke nan yana gida. Ba zai samu cikakken lasisi ba, ba zai tafi hidimar ƙasa ba, sai ya yi horon shekara ɗaya a ƙarƙashin babban famasis, gurbin horon kuwa ya gagara. Asibitoci huɗu ya kai takardu. Biyu sun kira jarrabawa, ya ce zauren ya cika maƙil, da sunaye suka fito ba su cika shafi ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Inna. Tana da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwa ta matsa mata. A babban asibitinmu famasis ɗaya ne ke zagaya asibitoci uku, mu ranar Talata muke ganinsa. Sauran kwanakin, tagar magani miƙo takarda ne, karɓi leda, na baya ya matso. Da Inna ta gaji da layi sai ta koma sayen haɗi a wani kemis: ƙwayoyi biyar a ƙulle cikin leda, babu kwali babu suna. Gwiwa ta lafa, amma fuskarta ta kumbura, suga ya ƙi sauka, ciki yana mata zafi da dare. Sai da yaron nan ya zazzage ledar a faranti ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Ashe diclofenac da ibuprofen ne a tare, da prednisolone. Ya ce biyun farko 'yan gida ɗaya ne, suna cin ciki, suna tayar da jini, suna wahalar da ƙoda, na ukun kuma shi ne ke hana suga sauka. Wata 4 tana sha. Ya ma hana a yanke prednisolone ɗin lokaci guda, sai da ya kai ta likita aka riƙa ragewa a hankali.

Na ji a rediyo cewa Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce an ƙara guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Na yi murna, amma don Allah ku fahimtar da ni: idan wanda ya riga ya fito bai samu inda zai tsaya ba, ina za a kai waɗanda aka ninka? Masana maganin ne babu, ko wurin ajiye su ne babu? Kuma wace ƙofa ce yaron nan bai ƙwanƙwasa ba?

Baban Sadiq:

Wa alaikumussalam Malama. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, shi kuma ƙanin namu Allah ya yi masa albarka, aikin famasis ke nan ya yi a kan faranti.

Shekarata 19 ina aiki a asibitocin jiha. Amsar tambayarki: duka biyun ne, amma na biyun ne ke haifar da na farkon.

Adadin 64,000 da kika ji na kowa da kowa ne, likitoci da nas-nas da ungozoma da masu gwaji da mu. Namu kason kaɗan ne a ciki, kuma hukumarmu ta PCN, mai kula da sana'ar haɗa magunguna a ƙasar nan, ita ce ke ƙayyade wa kowace tsangaya yawan ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamai da ɗakunan gwajinta. Ba na raina ƙarin. A zamaninmu duk Arewa Zariya da Jos aka sani. Yanzu ga Maiduguri, ga Sakkwato, ga Bayero a Kano, ga ta jihar Kaduna, ga ta Gombe. Yara suna fitowa. Sai dai tunda yayanku manomin rani ne zai gane wannan: an buɗe bakin dam, ba a yashe magudana ba. Ruwa ya taru a wuri ɗaya, gonar can ƙasa tana bushewa.

Wurin farko da ya toshe shi ne horon nan. Likitoci tun 2021 hukumarsu ta buɗe shafin intanet da sabon likita ke shiga ya zaɓi gurbi a asibitocin tarayya. Mu kowane asibiti shi ke ɗauka daidai ƙarfin aljihunsa, don sai ya biya yaro albashin shekara. Shi ya sa ake cika zaure a ɗauki 'yan tsiraru. Da za a tambaye ni abu ɗaya da gwamnati za ta yi gobe da safe, wannan ne: a tattara guraben wuri ɗaya, a ware kuɗinsu, a riƙa turawa har asibitocin ƙananan hukumomi da ke da famasis mai kulawa.

Na biyu, ɗaukar aiki. A sashenmu mutum uku sun yi ritaya cikin shekara 6, ba a maye ko ɗaya ba. Ni nake odar magani, ni nake duba sito, ni nake rubuta rahoton wata, ni nake riƙe makullin akwatin magungunan da doka ta ce a kulle. Yaushe zan zauna da tsohuwa irin Inna in tambaye ta me take sha a gida? Wallahi wannan zaman shi ne aikin da na karanta, kuma shi ne na fi rasa lokacinsa.

Na uku, albashi. Mu muna kan tsarin CONHESS, likitoci suna kan CONMESS. An gyara nasu a 2014, namu aka bar shi, kuma wannan na cikin manyan dalilan dogon yajin aikin JOHESU, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya, na 2018. Yaro mai kaifin kai yana gama hidimar ƙasa sai ya duba: ga ƙungiyoyin agaji, ga kamfanonin magani masu ba da mota, ga jarrabawar PEBC ta shiga Kanada. Cikin abokan karatuna na kusa, biyu suna can yanzu. Ban ga laifinsu ba, iyali gare su. A watan Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, har da maganar ƙarfafa wa masu aiki a karkara gwiwa. Na karanta ta, kuma tana da kyau. Amma ta tarayya ce, asibitin garinku kuwa na jiha ne. Sai gwamna ya ɗauka ya sa a kasafinsa kafin ke ki gani a taga.

Shawarata ga ƙaninki: kada ya tsaya kan manyan asibitoci kaɗai. PCN tana amincewa da horo a wasu manyan shagunan famasi, da masana'antun magani, da tsangayoyin jami'a. Ya je ofishin hukumar na jiha ya nemi jerin wuraren da aka amince da su. Ya tabbata sunan wurin yana ciki kafin ya fara, in ba haka ba shekarar ta tafi a banza, ba za a bar shi ya zauna jarrabawar rajista ba. Kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya samo gurbi, a guje shi.

Alhaji Mai Kemis:

'Yata, na karanta kuma raina ya ɓaci. Wanda ya ƙulla wa mahaifiyarki wannan haɗin ya yi ganganci, ba zan kare shi ba. Lasisinmu bai ba mu damar sayar da irin prednisolone ba, bai ba mu damar allura ko ƙarin ruwa ba. Kowa a cikinmu ya san haka.

Amma a ji ta bakinmu. Shekara 26 ina riƙe da kemis a ƙauye. Ƙarfe biyun dare yaro ya kama amai da gudawa, ƙofata ake bugawa, ni nake haɗa ruwan gishiri da suga in ce a wuce asibiti da asuba. Daga nan zuwa famasi mai famasis a ciki sai ka hau mota biyu. Haɗin ma da ake zarginmu da shi, sau da yawa talauci ne ke kawo shi. Tun da kamfanin magani na GSK ya tattara ya bar ƙasar nan a 2023, naira kuma ta faɗi, mutum zai zo da kuɗin da bai kai rabin kwali ba ya ce a ba shi na yau. Mai tsoron Allah ya yi masa bayani, mara tsoro ya ƙulla masa leda.

Abin da gwamnati ta yi da na yaba shi ne kasuwar sarin magani ta Dangwauro a Kano. A Fabrairun 2024 da NAFDAC da PCN suka rufe shaguna sama da 1,300 a Sabon Gari aka ce a koma Dangwauro, na yi ta faɗa don hanya ta ƙara mini nisa. Yanzu na sauko, magani a inuwa yake, ana ba ni rasiti, na san wanda zan koma wa in kaya ya ɓaci. Haka ma tsarin raba mu aji uku da aka gwada a Kaduna da Legas, inda mai takardar aikin lafiya yake da iyakarsa daban da wanda ya koya a hannun ubangida. A kawo mana shi ko'ina, a koya mana, a riƙa zagayowa.

Sai dai Malam Baban Sadiq, a faɗi ɗaya a faɗi biyu. Shaguna nawa ne a birni ke rataye da lasisin famasis, shi kuwa mai lasisin sai ƙarshen shekara yake zuwa karɓar kuɗin haya?

Baban Sadiq:

Gaskiya ka faɗa Alhaji, kuma abin kunyarmu ne. Bayar da hayar lasisi laifi ne da ake gurfanar da mutum a gaban kwamitin ladabtarwa a kansa. Yana kuma ɓoye girman ƙarancin, don a takarda shagon yana da famasis, a zahiri yaron shago ne ke ba da magani.

Maman Hanifa:

Yaya Uwani, ni ƙaramar ma'aikaciyar famasi ce, a Makarfi na yi karatuna shekara 3. Kullum in ana wannan magana sai a tsallake mu, daga famasis a faɗa kan mai kemis, alhali mu ne a tsakiya.

Shekara 4 na yi ina aikin sa kai a sha-ka-tafi na mazaɓarmu kafin a ɗauke ni. Ni nake riƙe asusun magani mai juyawa, wato a sayar a sake sayowa da kuɗin. Na san lissafin maganin yaro da nauyinsa, na san in duba ranar lalacewa, na san inda ilimina ya ƙare in ce a je wurin famasis. Matsalar ita ce babu famasis ɗin da zan kira. Akwai ranar da mai ciki ta zo da takarda, maganin da aka rubuta ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan tambaya sai wata tsohuwar malamata a waya. Ta ce kada in bayar, a koma wurin wanda ya rubuta.

Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tattara mu duka ƙarƙashin PCN, da famasis da mu da masu kemis. Akwai kuma tsarin ƙananan rassan famasi, inda gogaggen famasis zai buɗe reshe a wurin da babu, irinmu su riƙe, shi yana kulawa. Ni wannan nake jira in gani a garuruwanmu. Ba a buƙatar famasis a kowane ƙauye kafin a fara. Ko mutum biyu aka ba kowace ƙaramar hukuma, da babur da kuɗin mai, suna zagaya mu sau ɗaya a mako, suna ɗaga waya in mun kira, da an rage irin abin da ya samu Inna. Kuma a ɗauki 'yan garin. Wanda uwarsa ke karɓar magani a tagar nan ba ya saurin neman canjin wurin aiki.

Malama Uwani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, ban zo don in ɓata sana'arku ba, mai kemis ɗin unguwarmu ne ya fara ce mini a gwada sugan Inna shekarun baya, ban manta ba.

Na karanta wa ƙanena amsoshinku a daren jiya. Ashe bai taɓa neman jerin nan ba, idonsa na kan asibitocin koyarwa kaɗai. Jibi Litinin zai shiga motar farko zuwa ofishin, yayanmu ya ba shi kuɗin mota. Ni kuma na yi magana da shugabar makarantarmu, mijinta yana cikin kwamitin ci gaban mazaɓa. Za mu rubuta takarda da sa hannun mata zuwa ga ɗan majalisarmu na jiha, mu nemi famasis na dindindin a asibitin, mu kuma nemi a nema wa wurin amincewar ba da horo. Malam Baban Sadiq, in ba damuwa zan turo maka ita ka duba kafin mu buga, don kada mu nemi abin da ba hurumin jiha ba ne.

Inna kumburin ya sauka, suga ya fara daidaita. Yanzu autan ne ke jera mata maganin mako a ƙananan robobi bakwai, kowace da ranarta a rubuce da ajami don ta iya karantawa da kanta. Maƙwabta sun ji labari, jiya kafin magariba tsofaffi uku ne suka zo zaure da ledojinsu.